Yadda Muka Fara Kiwon Tarwaɗa a Tsakar Gida

Da aka ce in rubuta tarihin kiwon kifinmu saboda wannan biki, sai da gabana ya faɗi, don ni da girmana na koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci. Amma tunda da ni aka fara, bari in faɗi abin da na sani.

Kiwon kifi ba jiya aka fara shi ba a ƙasar nan. Tun farkon shekarun 1950, zamanin Turawa, gwamnati ta buɗe gonar kifi a Panyam, cikin Jihar Filato ta yanzu. Mu dai a kasuwa kifin masunta muka sani, mu saro mu yi banda. Sai da 'ya'yan tarwaɗa na ƙyanƙyasa suka samu, tamfol ya yawaita, sannan sana'ar ta shigo tsakar gida.

Da kuɗin adashe muka sayi tamfol ɗinmu na farko. Wallahi ba mu san komai ba. Muka cika shi da ruwan famfo, muka zuba kifin a ranar, kowa ta zo sai ta watsa abinci wai don su yi saurin girma. Ba a jima ba ruwan ya fara wari, kifin suka miƙe tsaye a saman ruwa suna haki. Mafi yawansu suka mutu. Wasu suka ce a raba abin da ya rage kowa ta kama gabanta, ƙungiyar ta kusa watsewa.

Wani malamin gona ne ya ce mana, “Hajiyoyi, ku fara kiwon ruwan tukuna.” Ya nuna mana cewa ruwan famfo yana da maganin kulorin, a bar shi ya kwana kafin a zuba. Ragowar abinci da kashin kifi su ke ruɓewa su zama guba, don haka a ba su iya abin da za su cinye nan take, a rage a lokacin hunturu don ba sa ci sosai. A riƙa zubar da wani ɓangare na ruwan ana ƙara sabo, a cire wanda ya mutu da wuri, a ware manya da ƙanana don tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta.

Daga nan aka ba ni littafi, ina rubuta ranar canjin ruwa da yawan abinci. Zubi na biyu ya yi kyau, muka mayar da kuɗin adashe har da riba. Tsohon ruwan ma alayyafonmu yake sha.

'Yan'uwa sababbin shiga, kafin ki ɗebi abinci, ki sunkuya ki shinshina ruwan. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya sa albarka a nemanmu, amin.