Ranar da tseren motocin duniya ya shigo Kano

1/ Jama'a, kun san a watan Mayun 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, tseren motoci ya taso daga Landan, ya keta Sahara ya shigo Kano, sannan ya juya arewa har Munich? Kuma waɗanda suka ci ba direbobin wani kamfani ba ne. Ku biyo ni, amma sai mun fara komawa baya.

2/ A farkon zamanin mota, tsere wasan masu hannu da shuni ne. Mutum ya sayi mota da kuɗinsa, ya ɗauki makaniki ya zaunar a gefensa, ba albashi, suna kawai yake nema. Turawa kan kira su direbobi dattawa. Ni dai 'ya'yan masu kuɗi nake ce musu.

3/ Babban misali shi ne Vincenzo Florio, ɗan gidan attajirai a tsibirin Sisili na Italiya. A 1906 ya kafa tseren Targa Florio a duwatsun Madonie. Zagaye ɗaya kilomita 148, kusan ka tashi daga Kano ka je Gwarzo ka dawo, kuma sau uku ake yi.

4/ Kada ku hango kwalta. Ku hango hanyar burji ta ƙauyukan Kabo da damina, ku ɗora ta a kan dutse, ga kwana bayan kwana, ga rami a gefe. Alessandro Cagno da ya ci na farko ya shafe sama da awa 9, gudunsa bai kai kilomita 50 a awa ba. Yau ɗan acaɓa ma zai wuce shi.

5/ Wani basarake, Giulio Masetti, ya ci a 1921 da 1922. A 1926 motarsa ta kife da shi a hanyar nan, ya mutu.

6/ To mu dawo gida. Na 1974 an shirya shi ne albarkacin gasar cin kofin duniya da Jamus ta Yamma ta karɓi baƙunci. Ana tsakiyar tsadar mai da ta faro a 1973, manyan kamfanoni suka ja baya, fili ya zama na masu zaman kansu. Mota 19 ne suka isa Munich.

7/ Abin da ya kashe su: takardar da ke nuna hanya. Bayan an rubuta ta, sai aka ƙara tsawon wani titi a Aljeriya, alamar da aka ce a juya a wurinta ta gusa. Motoci suka bazu cikin hamada, wasu suka maƙale a yashi, mai ya ƙare. Har Stirling Moss, gwarzon tseren Ingila, a Sahara tafiyarsa ta tsaya.

8/ 'Yan Ostareliya uku ne suka ci da Citroën DS: Ken Tubman, André Welinski da Jim Reddiex. Tubman mai kemis ne a garinsu Maitland, ya kusa shekara 60. Ta biyu kuwa Fijo 504 ce, mata biyu 'yan Faransa, Christine Dacremont da Yveline Vanoni. Shekara guda bayan nan aka fara haɗa 504 a Kaduna. Ku tambayi iyayenku me ta yi a tashoshinmu.

9/ Labarin yana burge ni, ba ƙarya. Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya: hanyoyin nan duk na jama'a ne. Direba ya zaɓi kasada da kansa, manomin da ke kora jakinsa a gefe ba a tambaye shi ba. Haka masu wasan mota a bikin aure a nan, wanda ake takewa yawanci ɗan kallo ne.

10/ Ita ma Targa Florio haka ta ƙare a matsayin tseren gudu a titi. A 1977 wata mota ta kauce ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum 2 suka mutu, 'yan sanda suka tsayar da tseren tun ba a gama ba.