Makashin da Bai San Kansa Ba: Tarihin Wani Jigo a Wasannin Talabijin na Amurka

Daga cikin jigogin da ƙagaggun labaran kimiyya na talabijin suka daɗe suna juyawa, akwai na mutumin da aka shiga hankalinsa aka binne umurni, sa'an nan aka sake shi ya koma cikin jama'arsa. Da su yake ci, da su yake sha, shi kansa bai san abin da yake ɗauke da shi ba, sai ranar da wata kalma ko alama ta tashe shi ya yi kisa. Bahaushe zai ce ai sammu ke nan, kuma bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai nan likita ne a gurbin boka. Abin da za mu bi a wannan nazari shi ne hannun da ke riƙe da akalar wannan mutum, domin hannun ya sha canzawa, kuma kowane canji yana da dalilinsa a tarihin Amurka.

A 1950 wani ɗan jarida mai suna Edward Hunter ya yaɗa kalmar "wankin ƙwaƙwalwa", wadda ya aro daga Sinanci, don bayyana yadda 'yan gurguzu ke juya tunanin mutane. Da aka tsagaita yaƙin Koriya a 1953, sojojin Amurka 21 da ke tsare suka ƙi komawa gida, suka zaɓi ƙasar Sin. Abin ya yi wa Amurkawa ɗaci, ya kuma fi musu sauƙi su ce an yi wa yaran wani abu ne da su yarda cewa ra'ayinsu ne. A kan wannan tsoro Richard Condon ya gina littafinsa The Manchurian Candidate a 1959, aka mai da shi fim a 1962. Tauraronsa, Raymond Shaw, da zarar ya ga wata sarauniyar karta sai ya zama kamar raƙumi da akala.

Talabijin ya gaji wannan tsari kusan yadda yake. Ko a 1991, shekarar da Tarayyar Sobiyat ta rushe, shirin Star Trek: The Next Generation ya maimaita shi a kashin da ake kira The Mind's Eye. Romulawa suka sace injiniya Geordi La Forge, makaho mai gani da na'ura, suka riƙa aika masa da umurni ta na'urar don ya kashe wani gwamnan Klingon. An tare hannunsa a kan gaɓa, labari ya ƙare, mako na gaba ya koma bakin aikinsa. Maƙiyi baƙo ne, kuma ciwon yana da magani.

Amma tun kafin nan, gaskiyar tarihi ta riga ta yi wa wannan fahimta illa. A 1953 shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA, Allen Dulles, ya amince da wani shiri mai suna MKUltra, a ƙarƙashin Sidney Gottlieb, masanin haɗa magunguna. An ba mutane ƙwayar LSD ba da saninsu ba. A birnin Montreal na Kanada, likita Ewen Cameron ya riƙa sa majinyata barcin makonni, ana maimaita musu magana guda daga rikoda. A 1973 Richard Helms ya ba da umurnin a lalata takardun shirin, amma wasu suka tsira, Majalisar Dattawa ta saurari ba'asi a kansu a 1977. Abu biyu suka fito fili. Na farko, abin da ake zargin maƙiyi da shi, a cikin gida aka yi shi. Na biyu, masu shirin sun iya rusa hankalin mutum, amma ba a ga shaidar cewa sun gina wani a gurbinsa ba.

Marubuta suka ɗauki darasi na farko, suka kau da kai daga na biyu, don kuwa da shi babu labari. A ganinmu babu inda aka sarrafa darasin da kyau kamar Babylon 5 na J. Michael Straczynski. A kashin Divided Loyalties na 1995 an gano cewa Talia Winters, mai karanta zukatan mutane, tana ɗauke da wata ɓoyayyiyar mutumtaka wadda hukumar da ta rene ta, wato Psi Corps, ta dasa mata. Hukumar ta gwamnatin duniyarsu ce, ba ta baƙi ba. Da aka aika mata da kalmar sirri, Talia ta ainihi ta shafe har abada, wadda ta rage kuwa ta tsaya tana yi wa aminiyarta Ivanova ba'a. An san cewa mai wasan, Andrea Thompson, ita ta so barin shirin, amma wannan bai rage zafin abin ba. A nan ne talabijin ya fi fim ƙarfi: awa biyu muka yi da Raymond Shaw, Talia kuwa mun kusa shekara biyu muna zaune da ita.

Bayan harin Satumba na 2001, tsoron maƙiyin da ke kwance cikin jama'a ya dawo da sabuwar fuska, Battlestar Galactica kuma ya tura jigon zuwa iyaka. Sharon Valerii, matuƙiyar jirgi da ake wa laƙabi da Boomer, ba mutum ba ce da aka juya. Ƙerarriya ce daga abokan gaba, an cusa mata tunanin ƙuruciyar da ba ta taɓa yi ba. Masu kallo sun san haka tun 2003, ita kuwa zato kawai take yi, har ta kai ga yunƙurin kashe kanta. A ƙarshen zango na farko, a 2005, ta dawo daga tarwatsa jirgin maƙiya, Kwamanda Adama yana yaba mata, sai ta harbe shi sau biyu, tana kallonsa kamar wadda ta farka daga barci.

Wa za a tuhuma a nan, hannun da ya harba ko zuciyar da ba ta nufa ba? Shirin bai kai ta gaban alƙali ba. Wata makanikiya mai suna Cally ta bindige ta ana cikin wucewa da ita, Adama kuma, da ya warke, ya yanke wa Cally ɗaurin kwana 30, bisa laifin harba bindiga ba da izini ba.