Tozali, Zinariya da Tafkunan Ƙasar Zamfara

Tun daga Ɓaure ta ƙasar Daura har yammacin Zamfara, da wuya a sami gari ba tare da tafki ko kududdufi a gefensa ba. Nan ake ɗibar ƙasar gini, nan dabbobi ke shan ruwa, yara kuma su yi iyo da damina. Wannan maƙala za ta duba yadda irin waɗannan tafkuna suka zama guba a ƙasar Anka da Bukkuyum.

Asalin al'amarin yana cikin dutsen kansa. A wasu wuraren wannan yanki zinariya tana kwance ne tare da dutsen dalma, wato baƙin dutsen nan mai ƙyalli da Hausawa suka daɗe da sani da sunan tozali, wanda fatake kan kawo daga Zurak ta ƙasar Wase. Muddin yana binne, abin da ruwan sama ke wankewa daga jikinsa kaɗan ne. Haƙo shi da niƙa shi su ne suka fito da sharrinsa fili.

Haƙar zinariya ba baƙuwa ba ce a nan. Ta yi tashe zamanin Turawa wajen 1930 zuwa 1940, sa'an nan ta ja baya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da farashinta ya haura dala 1,000 kowane oza a 2009, sai manoma suka koma ramuka. Sai dai a wannan karo cikin gida ake kawo dutsen. Mata su daka shi a turmi, a niƙa shi da injin niƙan hatsi, a wanke garin a bakin tafki, a kama zinariyar da zaiba, dusar kuwa a bar ta nan. Tafki ba shi da mafita, saboda haka duk abin da ya shige shi sai ya kwanta cikin laka. Da rani ruwan ya janye, iska ta kwashi ƙurar zuwa tsakar gida, magina kuma su yi tubali da lakar. Ke nan gubar da aka kai bayan gari ta komo ɗaki cikin bango.

An ce agwagi ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya kula. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka tarar da yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma, maganin zazzaɓi kuma bai yi musu komai ba. Gwaji ya nuna dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu. A wasu wuraren an sami dalma fiye da kashi 100,000 cikin miliyan na ƙasa, alhali iyakar da Amurka ta yarda da ita a lokacin 400 ce. Ayarin Majalisar Ɗinkin Duniya da ya auna ruwan yankin a wannan shekara ya sami dalma mai yawa a tafkunan.

An kankare ƙasar ƙauyuka 7 tsakanin 2010 da 2011, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin aikin. Wannan jinkiri ba shi da uzuri, domin likitoci ba sa fara ba yaro maganin fitar da dalma alhali gida mai guba zai koma. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu.