Yawon Buɗe Ido a Arewacin Kamaru

Da namun daji yawon buɗe ido ya faro a arewacin Kamaru. A zamanin mulkin Faransa aka keɓe dajin Binuwai, kudu da Garwa, a 1932, sai na Waza a 1934. A 1968, lokacin shugaba Ahmadu Ahijo, haifaffen Garwa, aka mai da su gandun daji na ƙasa. Da rani baƙi kan sauka a Garwa ko Marwa, su tafi kallon dorinar ruwa a kogin Binuwai, ko raƙumin dawa da giwa a Waza. Har yau akwai yankunan farauta da ake ba da haya a kewayen Binuwai da Faro da Buba Njida.

Masu son tattaki kuwa, duwatsun Mandara suke nufa. Ƙauyen Rumsiki na ƙasar Kapsiki, dab da iyakar Najeriya, ya yi suna saboda tsaunukansa masu tsini, ragowar aman wuta na dā can. Ana zaga su a ƙafa tare da ɗan jagora, a ɓulle wurin bokan garin mai duba da ƙaguwa, wanda kusan kowane baƙo sai ya tsaya masa. Wasu kan leƙa fadar Lamiɗon Ray Buba, ko zane-zanen da aka sassaƙa a duwatsun Bidzar, ta wajen Gidar.

Harkar ta durƙushe cikin ɗan lokaci. A farkon 2012 mafarautan haure suka kashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida. A Fabrairun 2013 Boko Haram ta sace Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya bayan sun fito daga Waza. An sako su a Afrilu, amma ƙafar baƙi ta riga ta ɗauke.

Abin da aka daɗe ana wucewa ba a ko waiwaya shi ne aikin hannun magabata. A ƙasar ƙabilar Mafa, cikin duwatsun Mandara ta wajen Koza, akwai kufai 16 da ake kira Diy-Gid-Biy, waɗanda aka gina tsakanin ƙarni na 12 da na 17: dakalai da matakala da lunguna, duk dutse ne bisa dutse, ba laka ba siminti. Gefensu gonaki ne hawa-hawa a jikin tsauni, inda ake noman dawa da gero. Wanda ya san gine-ginen Inka a Peru zai ga dabarar ta zo ɗaya, ko da yake na Mandara ba su kai can girma ba. Mafa na nan kewaye da kufan, suna yin al'adunsu a wurin.

Hukumar UNESCO ta sa Machu Picchu na Inka cikin jerin kayan tarihin duniya a 1983, Sukur da ke ɓangaren Najeriya na duwatsun Mandara a 1999. Diy-Gid-Biy sai a Yulin 2025 ya shiga.