Akwati Ɗaya, Makulli Biyu

Lokacin da Fafaroma Paul na Uku ya amince da ƙungiyar limaman Jesuit a 1540, Ignatius Loyola da abokansa sun riga sun ɗau alkawarin zaman talauci. Dukiya ta biyo su ta ƙofar makaranta. Daga kwalejin Messina ta 1548, makarantunsu suka bazu a Turai, karatu kyauta ne, sai gonaki da gidajen haya da masu hali suka bayar ke ɗaukar nauyinsu.

Nan aka buƙaci ido. Kowace kwaleji tana da shugaba da ma'aji, akwatin kuɗi kuma makulli biyu gare shi, ɗaya a hannun kowanensu, ba mai buɗewa sai ɗan'uwansa na tsaye. Shugaban lardi kan zagayo duk shekara ya duba littattafai. A 1636 wani limaminsu, Lodovico Flori, ya wallafa littafi a Palermo kan rubuta kowane ciniki sau biyu, inda ya fito da inda ya shiga. Manomin da ya taɓa zama a kwamitin bankin cimaka zai gane hikimar nan take: mai riƙe makullin sito dabam, mai riƙe littafi dabam, domin ko mai tsoron Allah yana bukatar shaida.

Tsarin ya yi aiki a inda ido ke kaiwa. A tsibirin Martinique kuwa, Fada Antoine Lavalette, ɗan ƙungiyar, ya ciwo bashi mai yawa yana fataucin sukari da kofi da bayi suka noma, abin da ya fi bashin muni. Ingila ta kame jiragen da ke ɗauke da kayansa, ya karye. A 1761 kotun Paris ta ɗora bashin a kan ƙungiyar baki ɗaya. Abokan gaba suka samu sanda: Faransa ta rushe ta a 1764, Fafaroma ya soke ta a 1773, ba ta farfaɗo ba sai 1814.

Dokar cocin Katolika ta 1983 ta wajabta wa kowace irin wannan ƙungiya ma'aji wanda ba shi ne babban shugaba ba, kuma dole ya gabatar da lissafi. Dokar ta hau kan ƙungiyoyin da ke aiki a diyosis na Maraɗi, wanda aka kafa a 2001 ƙarƙashin Bishop Ambroise Ouédraogo, har da ta sistocin da Uwa Marie-Catherine Kingbo ta assasa a 2006, masu hidimar mata da yara a Tibiri da Ɗan Bako.