Me Ya Sa Suka Kawo Mana Hari? Waiwaye Kan Tambayar da Ta Raba 'Yan Takara a Amurka

Kwana tara bayan harin 11 ga Satumbar 2001, wanda ya ci rayuka kusan 3,000, Shugaba George W. Bush ya tsaya gaban majalisar dokoki ya ba Amurkawa amsar da suka daɗe suna riƙe da ita. Ya ce maharan suna ƙin Amurka ne saboda 'yancinta: 'yancin addini, na faɗin albarkacin baki, na zaɓe. Amsa ce mai sanyaya zuciyar wanda ke cikin makoki, domin ba ta ɗora masa nauyin binciken kansa. Kusan shekaru shida aka yi da wuya a ji wani babban ɗan siyasa ya yi ƙarfin halin taɓa ta a bainar jama'a.

Amma a bayan fage an san akwai sauran magana. Usama bin Laden da kansa ya lissafa ƙorafinsa a sanarwarsa ta 1996 da ta 1998: sojojin Amurka da aka girke a Saudiyya tun 1990, takunkumin da ya jigata talakawan Iraƙi, da goyon bayan Isra'ila. A shekarar 2000 malamin jami'a Chalmers Johnson ya fitar da littafi yana gargaɗin cewa ayyukan sirri da Amurka ke yi a ƙetare za su zama ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. A 2004 wani kwamitin ba da shawara na ma'aikatar tsaron ƙasar ya rubuta cewa manufofin Amurka ne Musulmi ke ƙi, ba 'yancinta ba. A 2005 kuma Robert Pape na Jami'ar Chicago ya bi diddigin hare-haren ƙunar baƙin wake 315 daga 1980 zuwa 2003, ya gano mafi yawansu an kai su ne don korar sojojin da ake gani a matsayin 'yan mamaya, kuma waɗanda suka fi kowa aikata su a lokacin 'yan tawayen Tamil ne na Siri Lanka, waɗanda ba Musulmi ba ne. Duk wannan yana cikin littattafai da rahotanni, talakan da ke kaɗa ƙuri'a bai ji shi ba.

Sai daren 15 ga Mayun 2007. 'Yan takara goma na jam'iyyar Republican suka jeru a birnin Columbia na jihar Karolina ta Kudu, tashar Fox News na watsawa kai tsaye. Cikinsu akwai Ron Paul, likitan mata kuma ɗan majalisa daga Texas, ɗaya daga cikin 'yan jam'iyyarsa shida kacal da suka ƙi amincewa da yaƙin Iraƙi a majalisar wakilai a 2002. Da aka tambaye shi ko harin Satumba bai sauya masa ra'ayi kan tsoma baki a ƙasashen waje ba, sai ya ce an kawo musu hari ne saboda su ma suna can, sun shafe shekara goma suna jefa bama-bamai a Iraƙi. Rudy Giuliani, wanda shi ne magajin garin New York ranar harin, kuma a lokacin yana kan gaba a ƙuri'un jin ra'ayi, ya katse zancen cikin fushi, ya ce bai taɓa jin magana irin wannan ba, ya nemi Paul ya janye ta. Zauren ya kaure da tafi.

Paul bai janye ba. Ya tuna musu juyin mulkin 1953 a Iran, lokacin da hukumar CIA ta taimaka aka kifar da Firayim Minista Muhammad Musaddiƙ aka ƙarfafa sarki Shah, da yadda aka yi garkuwa da ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Tehran a 1979. Tun kafin Giuliani ya yi magana ma ya nemi su auna yadda za su ji da a ce Sin ce ke kafa sansanoni a ƙasarsu. Washegari shugaban jam'iyyar na jihar Michigan ya fara yunƙurin a hana shi shiga sauran muhawarori. Shi kuwa Paul ya kira taron manema labarai tare da Michael Scheuer, tsohon shugaban sashen CIA mai farautar Bin Laden, ya miƙa wa Giuliani jerin littattafan da ya kamata ya karanta, ciki har da rahoton hukumar binciken harin kanta.

A ganina kuskuren Giuliani shi ne ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: bayyana dalilin laifi da wanke mai laifi. Alƙalin da ya tambayi abin da ya kai mutum ga kisa ba yafe masa ya yi ba. Paul ma ya kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2001 a bi sawun waɗanda suka kai harin. Abin da ya ƙi shi ne a ce wa jama'a babu abin tambaya.

Zaɓen ya ba da mamaki. Giuliani ya kashe miliyoyin daloli ya janye a ƙarshen Janairun 2008 ba tare da ya ci jiha ko ɗaya ba. Paul bai samu tikiti ba, amma magoya bayansa sun tara masa kusan dala miliyan 6 ta intanet a rana guda, 16 ga Disambar 2007. Duk da haka da ya sake fitowa takara, an yi masa ihu a muhawarar Tampa a Satumbar 2011, aka kuma yi masa a Janairun 2012 lokacin da ya ce kada Amurka ta yi wa wasu abin da ba ta so a yi mata.

Abin da ya sauya zukata shi ne abin da ido ya gani. Ba a samu makaman ƙare dangi a Iraƙi ba, sojojin Amurka fiye da 4,000 suka mutu a can, 'yan Iraƙin da suka mutu kuwa dubun dubata ne. Tsohuwar shugabar hukumar leƙen asirin cikin gida ta Birtaniya, Eliza Manningham-Buller, ta shaida wa kwamitin Chilcot mai binciken yaƙin Iraƙi a 2010 cewa mamayar ta ƙara barazanar ta'addanci ƙwarai. A Yunin 2014 ƙungiyar ISIS, wadda ta tsiro daga reshen Alƙa'ida na Iraƙi, ta ƙwace Mosul. Mu ma a Sahel mun ɗanɗana: bayan kifar da Gaddafi a 2011, yaƙin da Paul ya yi adawa da shi, makaman Libiya sun kwararo arewacin Mali, kuma har yau Nijar da Burkina Faso na fama. Saboda haka da Donald Trump ya tsaya a Greenville ta jihar Karolina ta Kudu a Fabrairun 2016 ya ce yaƙin Iraƙi babban kuskure ne kuma an yi wa jama'a ƙarya, wasu sun yi ihu, amma mako guda bayan nan ya lashe zaɓen fid da gwani a jihar.

Sai dai kada a ɗauka hujjar Paul ce ta yi nasara dukkanta. Trump ɗin nan ne a Disambar 2015 ya nemi a hana Musulmi shiga Amurka. Abin da masu zaɓe suka karɓa shi ne gajiya da yaƙi da asarar kuɗi. Tunanin halin da mutanen Bagadaza ko Gaza ke ciki, wanda shi ne ƙashin bayan maganar Paul, an bar shi a baya.

Ita ma hujjar tasa tana da iyaka, kuma mu ne shaidu. Babu sojan wata ƙasa da ya mamaye Borno kafin Boko Haram ta ɗauki makami. Akwai gurɓatacciyar aƙida mai kafirta Musulmi da halatta jininsa, akwai talauci da rashin adalci na cikin gida, akwai kisan Muhammad Yusuf a hannun 'yan sanda a 2009. Mutum 224 da aka kashe a harin Alƙa'ida kan ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Darussalam a 1998, galibinsu 'yan Afirka ne masu neman abincinsu, ba su taɓa tsara manufar kowace ƙasa ba. Zaluncin manyan ƙasashe yana samar wa mai tsattsauran ra'ayi mabiya, amma alhakin jinin yana wuyan wanda ya zubar da shi. A muhawarar 2007 Ron Paul ne ya fi kusa da gaskiya, ko da yake rabinta ya faɗa.