ZAMAN AMARYA TSAKANIN DANGI DA ƘAWAYE: JIYA DA YAU

Idan ana zancen aure a ƙasar Hausa, galibi hankali yakan tafi ne ga kwanakin buki, wato kamu da sa lalle da wankan amarya da kai ta ɗakinta, har zuwa sayen baki da buɗar kai. Daga nan sai labari ya yanke, kamar da watsewar 'yan buki komai ya ƙare. Alhali kuwa a nan ne aikin yake farawa. Abin da wannan 'yar maƙala take son dubawa shi ne yadda yarinya sabuwar aure take zama yau da kullum bayan an watse an bar ta, da su wa take hulɗa, da kuma yadda wannan zama ya yi ta sauyawa tun daga zuwan Turawa.

Mun yi sa'a akwai wadda ta bar mana shaida. Ita ce Baba mutuniyar Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa a ƙasar Kano, daf da iyakar Zazzau. An haife ta a ƙarshen ƙarni na 19, ta rasu a 1951. Tsakanin 1949 da 1950, tana zaune a Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zayyana wa wata Baturiya mai suna Mary Smith tarihin rayuwarta da Hausa, aka fassara aka buga shi da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo. Auren fari da aka yi mata na zumunta ne, da wani ɗan'uwanta Duma, kuma ta yi aure har sau huɗu. Duk wanda ya karanta labarinta zai lura da cewa zancen dangi da ƙawaye ya fi zancen mazajen yawa a bakinta. Wannan kuwa ba banza ba, kamar yadda za mu gani.

Gidan da aka kai ta

A zamanin da, ba a cika kai amarya gidan da za ta zauna daga ita sai mijinta ba. Gidan gandu ake kai ta, inda uban miji ko wansa yake maigida, ga uwar miji, ga matan 'yan'uwa, wataƙila ma ga uwargida. Yarinyar kuwa ba ta wuce shekara 13 zuwa 15 ba. Shari'a ta ba budurwa kwana 7, bazawara kwana 3, kafin a koma rabon kwana. A 'yan kwanakin nan ne ake cewa amarya ba ta laifi. Da sun wuce sai ta shiga layin girki, kwana biyu-biyu kamar kowa.

Yininta a cike yake. Da asuba ta yi salla, ta share ɗaki da tsakar gida, ta bi ɗakunan manya ta durƙusa ta gaishe su. In ranar girkinta ce, maigida ya auno hatsi daga rumbu, sai surfe da wanki da niƙa a kan dutse da tankaɗe, ga dakan fura da za a kai gona da rana, ga tuwon dare. In ba ranar girkinta ba ce, sai ta ɗauko taskira da mazari da alli ta zauna kaɗi, ko ta yi gurzar auduga, ko a yi kitso. Kuɗin zaren da ta kaɗa nata ne ita kaɗai, miji ba shi da iko da ko wuri ɗaya a ciki, kuma wannan shi ne tushen 'yar dukiyar da mace take tarawa.

Abin da ya fi aikin nauyi shi ne kunya. Amarya ba ta faɗin sunan mijinta, sai ta ce "Malam" ko "maigida" ko kuma "shi". Ba ta faɗin sunan uban miji ko uwar miji, har ma in wani yaro a gidan ya ci sunan, sai ta riƙa kiransa "mai sunan Baba". Ba ta cin abinci a gaban surukai, ba ta haɗa ido da su, ba ta ɗaga murya inda za su ji. Wan miji ma suruki ne. Ƙannen miji da kakanni kaɗai aka yarje mata ta yi wasa da su, shi ya sa sau da yawa ƙanen miji ne yake fara jin dariyar amarya a gidan. To, yarinyar da aka ɗaure wa baki haka, in abu ya dame ta wa za ta gaya wa? Amsar wannan tambaya ita ce ta nuna hikimar mutanen da.

Waɗanda aka haɗa ta da su

Bahaushe bai taɓa kai 'yarsa gidan miji ya bar ta ita kaɗai ba. Da farko akwai 'yar zaman ɗaki, wato ƙanwa ko wata ƙaramar yarinya daga cikin dangi da ake barin ta tare da amarya. Ita ce abokiyar hira, ita ce 'yar aike, ita ce kuma idon iyaye, domin in amarya tana kuka da dare, kafin kwana biyu labari ya isa gida ba tare da amarya ta buɗe baki ba.

Na biyu akwai ƙanwar rana. Wannan dangantaka ce da ba ta jini ba, inda babbar yarinya ko matar aure take zaɓen wata ƙarama ta mai da ita ƙanwa. Ƙanwar tana yi mata aike da 'yan hidimomi, ita kuma tana yi mata kitso da kwalliya da 'yan kyaututtuka, in aurenta ya zo ta tsaya mata. Baba ta yi bayanin wannan al'ada sosai a cikin labarinta. Ta haka amarya take samun ƙafa a waje ko da ita ba ta fita.

Na uku kuwa, wadda ta fi su duka, ita ce ƙawa. Ƙawance a da ba sabon dandali ba ne kawai. Ƙulla shi ake yi da saninsa, a aika da kyauta a karɓa, iyaye su sani, mazaje su sani. Igiyar da take riƙe da shi ita ce biki, wato gudummawar da ƙawa take kai wa ƙawarta ranar aure ko suna, wadda ake mayarwa ninki biyu in nata ya tashi. Wadda aka kawo wa wuri ɗari za ta mayar da metan, ita ma a mayar mata da arbaminya, har in abin ya yi nauyi a yi shawara a rage a sake farawa. Mai kallo daga nesa zai ce wannan wahala ce. Amma bashin da ba ya ƙarewa shi yake hana zumunci yankewa, domin ba yadda za a yi ka manta da wanda kake bi, balle wanda yake bin ka. Ga ƙawa amarya take faɗin abin da ba za ta iya gaya wa uwar da ta haife ta ba, don abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa.

Shi ma ango ba a bar shi haka ba. Babban abokinsa, wanda ya sayi bakin amarya, yana nan bayan buki a matsayin ɗan sulhu. Shi yake da izinin shiga ya yi wa amarya ba'a, shi ake turawa biko in ta yi yaji, kuma shi kaɗai yake iya gaya wa ango gaskiya a zaure ba tare da an yi faɗa ba.

Hanyar gida

Amarya takan yi wata da watanni kafin a bar ta ta je ganin gida, wai don ta saba. In za ta je, da dare ake fita, a rufe jiki, yara na gaba suna rakiya. Buki da suna da gaisuwar rashin lafiya da ta'aziyya su ne ƙofofin da al'ada ta buɗe mata, ba kuwa mijin kirki da zai hana. Babbar komawa gida ita ce ta haihuwar fari, inda take zuwa goyon ciki ko wankan jego, ta yi kwana 40 ko fiye tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, ana dama mata kunun kanwa. A wannan zama ne take sake haɗuwa da ƙawayenta na ƙuruciya, kowace da goyonta.

Sai dai kafin zuwan Turawa wannan hanya ba ta da aminci. Baba ta ba da labarin mahara da suke kama mata a hanya da gonaki, har da wasu daga cikin danginta da sai da aka biya fansa kafin a karɓo su. Yarinyar da aka aurar garin da yake da nisan yini guda tana iya shekara ba ta ga uwarta ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa aka fi son auren zumunta da auren cikin gari, don 'ya ta zauna inda ido zai riƙa kai mata.

Abin da zamani ya sauya

Turawa sun ci Kano a 1903. Hari ya ƙare, hanyoyi suka yi lafiya, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya motoci suka biyo. Zumunta a ƙafa take, sai ga ƙafar ta sami sauƙi. Amma a lokaci guda wani abu ya faru da ya ƙara tsare matan aure a gida. An yi doka cewa duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na 1901 ɗa ne, sa'an nan a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya. A da, bayi mata su ne aka sani da noma da ɗiban ruwa da itace. M. G. Smith, mijin Mary Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya nuna cewa da bauta ta faɗi sai matan da suka sami 'yanci suka janye daga gona don su yi daidai da 'ya'ya, kulle kuma ya yaɗu har ƙauyuka. Da kulle ya yaɗu, sai amarya ta ƙara dogara ga yara. Su ne masu kai talla, masu sayo cefane, masu kai gaisuwa da kwanon abinci gidan ƙawa. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina a shekarun 1960, ta tarar da ciniki mai yawan gaske yana gudana daga ɗaki zuwa ɗaki ta hannun yara, ba tare da matan sun taka kasuwa ba.

Daga nan sauye-sauye suka yi ta zuwa a jere. Masaƙar zamani da aka buɗe a Kaduna a 1957 da waɗanda suka biyo ta, da yadin da ake shigowa da shi, suka kashe kasuwar zaren hannu, mazari ya koma kayan tarihi. Injin niƙa ya ɗauke wa amarya dutse. Jeren ƙorai da tasoshi ya koma jeren kwanonin sha da na ci cikin kabad, musamman bayan kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970. A 1976 gwamnati ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Wannan alheri ne babba, sai dai ya ɗauke 'yar zaman ɗaki da ƙanwar rana daga ɗakin amarya tun safe har azahar. Aikin albashi kuma ya fitar da samari daga gandu, suka riƙa kama haya a Kaduna da Jos da Legas, inda amarya ba ta san kowa ba. Ta huta da idon uwar miji, ta kuma rasa wanda zai ji motsinta. Wayar hannu da ta fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2001 ta rage wannan kewa, don yanzu amarya tana iya jin muryar uwarta da ƙawarta kullum. Amma waya ba ta ganin rama a fuska, ba ta kuma riƙe jariri a yi wanka.

Kammalawa

Kada mai karatu ya ɗauka ana cewa zaman da aljanna ne. An aurar da yara ƙanana ga waɗanda ba su so, an sha wuyar dutse da turmi, an sha ta kishiya da uwar miji. Mutuwar aure ma ba yau aka fara ta ba, ga Baba nan ta bar Duma ta auri Malam Maigari wanda ranta yake so. Abin lura shi ne, duk auren da ta shiga ta fita, danginta da ƙawayenta suna nan ba su canja ba, har ita da Allah bai ba haihuwa ba ta tsufa cikin 'ya'yan riƙo da jikoki. Mutanen da sun san aure yana iya ɗorewa yana iya mutuwa, saboda haka suka kewaye amarya da mutanen da ba a sakin su.

Mu da muke makaranta yau, mu ne angwaye da amaren gobe, kuma da yawanmu aiki zai kai mu garuruwan da ba mu da kowa. Dutsen niƙa ya tafi, ba mai kukansa. Amma kafin a ɗauki yarinya a kai ta wata uwa duniya, ya kamata a yi tambayar da kakanninmu suke yi tun kafin a shafa fatiha: wa zai zauna da ita, wa zai riƙa leƙa ta, wa za ta gaya wa in abu ya dame ta? Lefe da gara da kayan ɗaki duk ana lissafa su tun da wuri, wannan ma ya cancanci a sa shi cikin lissafi. Allah ya ba amare haƙurin zama, ya ba dangi da ƙawaye ikon riƙe zumunci, amin.